Ajiya Biyu, Suna Ɗaya

Talata, 7 ga Oktoba, 8:10 na safe, cikin bas

Don lissafin cefane na sayi littafin nan. To, ga abin da ya koma.

Jiya wasiƙu ɗari uku da goma sha biyu suka isa gidajen mutanen da suka riga mu gidan gaskiya. Daga kamfaninmu suka fita. "Muna tunatar da ku, lokacin ganin likitan haƙori ya yi." Abin da muka rubuta wa matattu ke nan, iyalansu suka buɗe suka karanta. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Aikinmu shi ne asibitocin haƙori su ba mu bayanan masu zuwa wurinsu, mu tace, mu fitar musu da jerin waɗanda za a tunatar. Kamfaninmu na Manchester ya sayi wani ƙarami a Birmingham, ranar Juma'ar da ta wuce muka haɗa rumbun bayanansu da namu. Ni na jagoranci haɗin. Har tafi aka yi min.

Bas ya tsaya a Fallowfield, 'yan jami'a sun cika shi da surutu. Wata yarinya sai kallon littafina take. Me take kallo? Ai ba ta iya Hausa ba.

Talata, 1:35 na rana

An yi mitin. Margaret, shugabar sashenmu, ta shigo fuskar nan kamar an aiko mata da saƙon mutuwa. Ta ce an gano inda abin ya fito. A ɓangaren Birmingham akwai wani table, wato jerin bayanai mai sunansa, da ake zuba sunayen duk waɗanda suka rasu. Kafin a buga wasiƙa, na'ura sai ta leƙa cikinsa ta tsame su. Da aka leƙa jiya, babu matattun. Wasu layuka goma sha biyu ne a ciki na shirme.

Sai ta karanto sunan table ɗin, tana lanƙwasa baki: "A-jai-ya?"

Ajiya.

Malam Mutawakilu ne ya gyara mata. Shi ne babban injiniyansu na Birmingham, dattijo, Bahaushen Kumasi, shekararsa goma sha tara a wurin. Ta allo yake magana. Ya ce shi ya ƙirƙiri table ɗin tuntuni, shi ya sa masa suna, kuma bai taɓa shigar da shi cikin kundin sunaye na kamfani ba. Wannan laifinsa ne, in ji shi. Amma bai san yadda aka yi abin ciki ya canza ba.

Da ya faɗi haka ya kalle ni. Ko dai kyamara ya kalla, ai ta allo kowa kallonka yake. Amma wallahi ni ya kalla.

Laraba, 8 ga Oktoba, 7:00 na safe

Ban ci komai ba tun jiya. Na ce wa mijina Ashafa ulsa ce ta motsa.

Alhamis, 9 ga Oktoba, 12:20 na rana

An dakatar da Malam Mutawakilu har a gama bincike.

Kuma wa aka ba binciken? Ni. Margaret ta kira ni ɗakinta, ta rufe ƙofa, ta ce, "Turai, ke kika fi kowa sanin yadda aka yi haɗin nan. Ki rubuta min report, Juma'a ashirin da huɗu ga wata. Abin da kika rubuta shi HR, sashen kula da ma'aikata, za su bi."

Na ce to. Me zan ce?

Amma me ya sa ni? Akwai mutum shida a sashen. Me ya sa ta rufe ƙofa, ita da ko waya take da mijinta a buɗe take barinta? Kuma da zan fita ta ce, "Take your time." Na san irin wannan. Igiya ake miƙo maka da murmushi a ga ko za ka zura wuyanka.

Ko kuma dai matar nan ba ta nufin komai. Ban sani ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Juma'a, 10 ga Oktoba, 5:45 na yamma

Ina ta tuna ranar da muka fara haɗuwa da Malam Mutawakilu a watan Yuli. Ya ga sunana a takarda, ya ce, "A'a! Turai? Mutuniyar ina?" Na ce Kano. Ya rinƙa dariya, wai shekara goma sha tara bai taɓa yin Hausa a wurin aiki ba. Hausarsa irin tasu ta zangon Kumasi, wani lokaci ya ce min "kai", in ce Baba, mace ce fa.

Shi ya yi wa Margaret bayanin matsalar sunaye. Mu muna da table mai suna patients, su ma suna da patients. Muna da addresses, suna da addresses. Idan aka zuba su wuri ɗaya, na'ura ba ta san wanne ake kira ba. Ya ce min da Hausa, "Ai ko a gida idan Hauwa ta zama biyu, sai a ce Hauwa Babba da Hauwa Ƙarama." Haka muka yi. Muka ɗauko kundin sunayensu da namu, muka jera, muka sami sunaye arba'in da ɗaya da suka zo ɗaya. Namu muka sa musu mcr a gaba, wato Manchester, nasu bhm, wato Birmingham. Sati uku muna wannan aikin. Arba'in da ɗaya, ko ɗaya bai kuɓuce ba.

Duk abin da ke cikin kundi ke nan. Abin da ba a rubuta a kundi ba kuwa, wa zai jera shi?

Ni ma ina da table mai suna ajiya.

Na rubuta. Shi ke nan na yau.

Asabar, 11 ga Oktoba, 11:00 na safe

Ashafa ya kai 'yarmu Rumaisa islamiyya a Old Trafford. Kafin su fita tana ta nuna min rigar wasan makaranta, da Turancinta na 'yan Manchester da ni kaina sai na kasa kunne nake ganewa. Tana da shekara uku muka zo da ita. Abin da ta sani na Kano shi ne muryar kakarta a waya.

Bizar gidan nan kaf a wuyan aikina take rataye. Tawa, ta Ashafa, ta yarinyar. Saura wata goma sha ɗaya mu cika shekara biyar mu nemi zama na dindindin. Idan aka kore ni, kwana sittin ne, ko in sami wani kamfanin da zai tsaya min ko mu tattara. A kasuwar yanzu, da tambarin kora a goshi, wa zai tsaya min?

Ashafa ya ce, "Maman Rumaisa, kwana biyu ba na gane miki." Na ce aiki ne. Ya daɗe yana kallona. Ko ya buɗe littafin nan? Na bar shi a jaka, zip ɗin a rufe, amma kamar ba a gefen da na bar shi na same shi ba.

Litinin, 13 ga Oktoba, 10:30 na safe

Na ciro log na ranar haɗin, inda na'ura ke rubuta duk abin da aka danna da lokacinsa. Ga shi nan: Juma'a, 2:47 na rana, an maye gurbin ajiya. Wa ya yi? Babu suna. A ranar, da account ɗaya na haɗaka muka shiga na'urar muka yi aiki, mu huɗu, biyu a nan biyu a Birmingham.

Babu suna. Na karanta layin ya fi sau ashirin. Na shiga banɗaki na yi hamdala, sannan na ji kunyar hamdalar.

Litinin, 4:00 na yamma

Nuruddeen na ɓangaren tsaro ya wuce ta bayana sau uku yau. Sau uku! Kicin ba ta nan yake ba.

Talata, 14 ga Oktoba, 6:15 na yamma

Malam Mutawakilu ya kira ni. Ina tsaye a bakin shago a Withington wayar ta yi ƙara, na ga sunansa, saura kaɗan ledar tumatir ta faɗi.

"Salamu alaikum, 'yata. Ya gida? Ya mai gidan? Ya yarinya?"

Gaisuwa kawai. Minti huɗu yana gaisuwa. Ya ce ya ji an ba ni binciken, Allah ya taimaka. Na ce amin, Baba. Sai ya ce idan na shigo Birmingham in biyo, Abibatu matarsa tana son ganina.

Mutumin da aka dakatar ba a yarda ya kira ma'aikata ba. Ya sani. To me ya sa ya kira? Ɗaukar muryata yake? Jira yake in furta wani abu? Na auna kowace kalma da na faɗa. "Lafiya lau." "Amin." "In sha Allahu." Babu abin kamawa a ciki.

Dattijon nan ba wawa ba ne. A duk kamfanin, mutum nawa ne za su sa wa table suna da Hausa?

Laraba, 15 ga Oktoba, 1:00 na rana

Babu suna a log. Babu suna a log. To me ke damuna?

Alhamis, 16 ga Oktoba, 12:40 na rana, a benci bayan ofis

Margaret ta turo min ƙorafe-ƙorafen iyalan, wai in haɗa da report. Na karanta bakwai na kasa ci gaba. Wata mata ta rubuta cewa ɗanta ya rasu a watan Afrilu yana da shekara tara. Ta ce da ta ga ambulan ɗin wasiƙar da sunansa, na ɗan lokaci, kafin hankalinta ya dawo, ta buɗe baki za ta kira shi ya sauko. Ba ta zagi kowa ba. Tambaya ɗaya ta yi: yaya aka yi?

Bari in rubuta yadda aka yi, ko sau ɗaya.

Tun da na fara aiki a ƙasar nan, duk table ɗin gwaji da zan yi, da Hausa nake sa masa suna, don na tabbata ba zai taɓa karo da na kowa ba. Dabarata ce, har alfahari nake da ita. Ajiyata layi goma sha biyu ce ta sunayen ƙarya da nake gwaji da su.

Ranar Juma'ar, an riga an zuba na Birmingham da safe, ina zuba namu. Uku saura kwata na'ura ta tsaya. Ta ce akwai wani ajiya a nan, me za a yi: a tsallake, a canza suna, ko a maye gurbinsa? Rumaisa na tashi daga makaranta uku da kwata, kuma ranar Ashafa yana wurin aiki. Na kalli sunan na ce, ai nawa ne, ragowar gwajin makon jiya. Wa zai sa wa abu suna ajiya in ba ni ba? Ban buɗe na duba ba. Da na buɗe, sakan goma ne.

Na yi sati uku ina Hausa da mutumin, amma ko a raina bai zo ba cewa irin dabarata yake yi.

Na danna. Na ɗauki jakata. Har na samu bas ɗin.

Asabar, 18 ga Oktoba, 9:25 na safe, cikin jirgin ƙasa

Na ce wa Ashafa aiki ne ya taso a ofishin Birmingham. Ƙarya ta uku ke nan a wata ɗaya, ni da ban iya ba.

Zan je gidan Malam Mutawakilu in ji abin da yake riƙe da shi. In barazana ce, gara in ji ta da kunnena. Zan kashe wayata, in lura da inda ya ajiye tasa.

Asabar, 5:10 na yamma, a hanyar dawowa

Gidan ƙarami ne, a Handsworth. Anti Abibatu ta rungume ni kamar ta san ni, ta cika min faranti da waakye, wake da shinkafa irin na mutanen Kumasi, da yajinsu shito, har da dafaffen ƙwai. Na ce a ƙoshe nake. Ta ce, "A gidan nan ba a ƙoshi." Na ci, ina lura. Wayarsa na kan firji, nesa. Na duba ko akwai wata a aljihun rigarsa. Allah ya yafe min.

Da ta shiga kicin ya gyara zama.

"'Yata, tun ranar Litinin ɗin farko na buɗe table ɗin kafin su rufe min hanya. Layi goma sha biyu. Bara'u Gwaji. Jannat Gwaji. Rumaisa Gwaji." Ya yi ɗan murmushi. "Bature ba ya gwaji da Rumaisa."

Cokalin ya tsaya min a hannu. Na ce, "To me kake so, Baba?" Haka na faɗa, da wannan muryar, a cikin gidansa, da abincinsa a bakina.

Bai ji haushi ba, ko kuma bai nuna ba. Ya ce ba ya son komai. Ya ce shi ya ɗora amanar matattu a kan table ɗin da bai rubuta a kundi ba, shekara da shekaru, don yana ganin wa zai taɓa abin da bai iya karanta sunansa ba. "Ni na haƙa ramin, ke kika taka. Ni ina da fasfo ɗin ƙasar nan, 'ya'yana sun girma. Ke fa?"

Na ce, "In suka tambaye ka?"

"Ba su tambaya ba. Ba su san ma akwai tambaya ba. Ki rubuta abin da za ki iya kwana da shi."

Anti Abibatu ta rako ni bakin titi da ledar abinci, wai na yarinya. A hanya ta ce tun da aka dakatar da shi kullum sai ya yi wanka ƙarfe bakwai, ya sa rigar aiki, ya zauna a falo. Ta faɗa tana dariya, amma idonta bai yi dariyar ba.

Yanzu ga ni a jirgi ina juya maganarsa. "Abin da za ki iya kwana da shi." Alheri ne ko dabara? In ya yi shiru yanzu, ya fasa kwan a gaban HR bayan na sa hannu a kan ƙarya, ai na mutu sau biyu. Haba Turai. Mutum ya ba ki abinci. Amma dai.

Litinin, 20 ga Oktoba, 3:00 na rana

Report biyu na rubuta.

Na farko ya ce: table ɗin da ba a shigar a kundi ba, account ɗin haɗaka, ba a iya tantance wanda ya danna ba. Shawara: daga yau duk table sai an yi masa rajista, duk suna sai an sa masa na garinsa a gaba, kuma a hana na'ura maye gurbin komai sai mutum biyu sun duba. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Na bi shi layi-layi, babu. Kuma duk wanda ya karanta zai ce laifin Mutawakilu ne. An bar jaki ana dukan taiki.

Na biyun daidai yake da na farko, sai ƙarin layi uku a kan abin da na danna.

Laraba, 22 ga Oktoba, 8:05 na safe

Wata goma sha ɗaya. Layi uku.

Alhamis, 23 ga Oktoba, 6:30 na yamma

Ashafa ya dawo da murna, wai ya ga wani flat mai ɗaki biyu kusa da makarantar Rumaisa, mu je mu gani ranar Lahadi. Na ce to. Ya ce, "To kawai?" Na shiga kicin na kunna famfo.

Juma'a, 24 ga Oktoba, 11:50 na safe

Ƙarfe tara da rabi na shiga wurin Margaret da na farkon a hannu. Eh, na farkon. Ba zan yi wa littafina ƙarya ba.

Kafin in zauna ta ce, "Labari mai daɗi, in za a kira shi haka." Mutawakilu ya turo takardar ajiye aiki ƙarfe takwas na safe. Ya rubuta cewa duk abin da ya faru daga sakacinsa ne shi kaɗai, kada a wahalar da kowa. HR sun karɓa. An rufe magana. Ta ce report ɗin ma shawarwarin kawai take so, sauran in bar shi.

Sati biyu da rabi ina jiran wuƙar dattijon nan. Na zargi gaisuwarsa, na zargi shirunsa, na leƙa aljihunsa ina cin abincin matarsa. Shekara goma sha tara ya ajiye ƙarfe takwas na safe, don kada in kai ga sa hannu a kan komai.

Na miƙe. Na kai bakin ƙofa. Hannuna na kan mariƙin.

Na juyo na ce, "Margaret, ajiya biyu ne. Ɗayan nawa ne. Ni na danna."

Ta cire gilashinta. Wallahi ba ta sani ba. Duk rufe ƙofar nan da take your time ɗin nan, matar ba ta san komai ba. Ta ce in zauna in sake faɗa a hankali. Na faɗa, da lokacin da komai, har da bas ɗin. Na tura mata na biyun a gabanta.

An karɓi laptop ɗina da katin shiga. HR ranar Laraba. Ta ce ba ta san yadda za ta kaya ba, ta ce za ta kira Malam Mutawakilu ta ce takardarsa ta dakata tukuna. Nuruddeen ne ya rako ni ƙofa, yana ta ba ni haƙuri, har ya riƙe min jaka.

Juma'a, 4:40 na yamma

Malam Mutawakilu ya kira. Yau babu gaisuwa.

"Turai! Wa ya aike ki? Wa ya aike ki, don Allah? Na shirya abu tsaf kin zo kin watsa!"

Na ce, "Baba, kai ka ce in rubuta abin da zan iya kwana da shi."

Ya yi tsaki. Ina jin Anti Abibatu daga nesa tana cewa ya bar yarinya ta huta. Sai ya ce ranar Laraba zai hau jirgin safe, zai zauna a bakin ƙofar HR ko sun ƙi ko sun so, kuma kada in kuskura in shiga ban karya ba.

Na kashe wayar na yi kuka mai isata, na farko tun da abin ya faru. Tsoro nake ji, sosai. Ban san inda za mu kasance nan da wata uku ba.

Rumaisa na falo tana kallo. Ashafa zai shigo ƙarfe shida. Na ɗora masa tuwon shinkafa da miyar taushe. Zan bari ya ci ya ƙoshi tukuna, sannan in miƙa masa littafin nan.